Ƙiba: tumbin maigida da ƙugun uwargida, wa ya fi shiga haɗari?

 

Tun bayan bayanin da muka yi a kan hawan jini, saƙonni suke ta shigowa, kuma da yawa daga cikinsu a kan abu ɗaya suke, wato ƙiba. Wata mai karatu daga Zonkwa ta koka cewa a asibiti an ce ta rage nauyi, alhali maigidanta, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki, babu wanda ya ce masa uffan. Wani bawan Allah kuma daga Kagoro tambaya ya yi, wai shin da gaske ne ƙiba matsalar mata ce? Amsar a taƙaice ita ce ƙiba ba ta ƙyale kowa ba, sai dai ƙofar da take shigo wa namiji daban, wadda take shigo wa mace daban, haka kuma lokacin da take kama kowannensu ba ɗaya ba ne. Wannan shi ne abin da za mu tattauna a yau.

Yadda muke kallon ƙiba

Mu fara da gaskiyar da kowa ya sani. A wurinmu, idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna. Idan amarya ta yi wata shida ba ta ciko ba, sai dangi su fara tambaya ko lafiya, ko mijin ba ya riƙe ta da kyau. Ga kuma tabon da shekarun ƙanjamau suka bari a zukatan mutane, lokacin da duk wanda ya rame ake binsa da kallo ana ƙus-ƙus. Har yau akwai masu tsoron rage nauyi don gudun bakin mutane.

Sannan rayuwar kanta ta sauya. Iyayenmu da kakanninmu a wannan yanki da ƙafa suke zuwa gona, su yi huɗar citta, su hau dutse su sauko da itace, mata su surfa acca a turmi har gumi ya jiƙa su. Abincinsu tuwon dawa ne da na acca, da fate mai ganye, da gwaza da doya. Yau ɗan kasuwa a Kafanchan zai hau acaɓa daga ƙofar gida zuwa ƙofar shago, ya zauna daga safe har magariba, ya karya da burodi da shayi mai kauri, da rana shinkafa da lemon kwalba, da dare ya tsaya wurin mai tsire. Jikin nan irin na kakanninsa ne, amma aikin ya ragu, abincin ya ƙaru.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A nan gida, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura yadda ya kamata, yayin da kashi 12 suke fama da rama. Ke nan masu nauyin da ya wuce sun ninka ramammu fiye da sau biyu.

Yaya ake gane an wuce kima?

Ma'aikatan lafiya suna da lissafin da ake kira BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsayinsa. Za ka ninka tsayinka a mita da kansa, sannan ka raba nauyinka a kilo da abin da ka samu. Misali, mace mai tsayin mita 1.6, idan aka ninka za a samu 2.56. Idan nauyinta kilo 80 ne, sai a raba 80 da 2.56, a samu 31 da ɗoriya. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin cuta.

Sai dai wannan lissafi yana da giɓi, domin ba ya faɗin inda kitsen ya zauna, kuma a nan ne maganar take. Saboda haka ake haɗawa da awon ƙugu. A samu tef irin na tela, a tsaya a miƙe, a zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wato wajen cibiya, bayan an fitar da numfashi ba tare da an shanye ciki ba. Ga namiji, daga santimita 94 haɗari ya fara, daga 102 ya yi yawa. Ga mace, daga 80 ya fara, daga 88 ya yi yawa.

Wanda ba shi da tef, igiya ma ta isa. Ka yanki igiya daidai tsayinka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita. Idan bakin igiyar ya haɗu, madalla. Idan ya ƙi haɗuwa, to ƙugunka ya wuce rabin tsayinka, kuma lokaci ya yi da za ka tashi tsaye. Wannan awo bai shafi mai juna biyu ba.

Kitse iri biyu ne

Akwai kitsen da ke kwance a ƙarƙashin fata, a cinyoyi da mazaunai da damatsa. Akwai kuma wanda ke can cikin ciki, yana lulluɓe da hanji da hanta. Na farkon nauyi ne a kan gaɓoɓi, amma ɓarnarsa ga jini ba ta kai ta na biyun ba. Na cikin ciki kuwa ba a zaune yake kawai ba, kullum yana zuba maiƙo da wasu sinadarai a cikin jinin da ke wucewa kai tsaye zuwa hanta. Sannu a hankali sai jiki ya daina jin maganar insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Daga nan suga ya fara taruwa a jini, hanyoyin jini su yi tauri su ƙuntata, hawan jini ya biyo baya.

To, a halitta namiji a ciki yake tara kitsensa. Mace kuwa, muddin tana ganin al'ada, sinadarin mata da ake kira istirojin yana tura yawancin kitsenta zuwa ƙugu da cinyoyi. Wannan bambanci shi ne tushen sauran bayanin.

Ɓangaren maza

Maigida, kada ka ga matarka ta fi ka jiki ka ɗauka kai ka tsira. Namiji mai tsayin mita 1.7 da nauyin kilo 75, lissafinsa bai wuce 26 ba, hannuwansa da ƙafafunsa sirara, amma idan ƙugunsa ya kai 104 yana iya fin matarsa mai kilo 85 kusa da ciwon suga. Wani babban bincike da aka wallafa a 2011 daga yankin Sikotlan na Birtaniya ya gano cewa maza suna kamuwa da ciwon suga a nauyin da bai kai na mata ba. Haka kuma ciwon zuciya ya fi riskar maza da wuri, tun suna tsakiyar ƙarfinsu, lokacin da yara ke makaranta kuma gida gaba ɗaya a wuyansu yake.

Abu na biyu shi ne minshari mai yankewar numfashi. Kitsen wuya yana danne maƙogwaro idan an kwanta, sai mutum ya yi ta jan minshari, ya yi shiru kamar numfashi ya tsaya, sannan ya farka a firgice yana haki. Uwargida ce ta fi kowa sanin wannan. Mai irin wannan barci yana tashi da ciwon kai, yana gyangyaɗi da rana, jininsa kuma yana ƙin sauka ko yana shan magani. Ku yi tunanin direban da ke ɗauke da fasinja daga Kafanchan zuwa Kaduna ta Kachia a cikin wannan hali.

Na uku, wanda maza ba sa son a faɗa, shi ne raunin gaba. Teɓa tana rage sinadarin maza, tana kuma lalata ƙananan hanyoyin jini, kuma na gaba suna cikin waɗanda ke fara nuna alama kafin na zuciya. Saboda haka magidancin da ya fara ganin rauni, awon jini da na suga ya kamata ya fara nema kafin ya aika yaro sayen maganin ƙarfin maza. Ina ƙara jan kunne: mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa shi da ƙwayar ƙarfin maza jininsa na iya faɗuwa warwas, har a rasa rai.

Sai kitsen hanta da ciwon gaɓoɓi mai kama babban ɗan yatsan ƙafa cikin dare. Ga masu shan giya ko burkutu, su sani hanta tana ɗaukar kaya biyu ne a lokaci ɗaya, na barasa da na kitse.

Ɓangaren mata

A Najeriya mata masu ƙiba sun ninka maza yawa, kuma nasu lissafin yana tafiya ne da matakan rayuwa.

A shekarun haihuwa, ƙiba tana rikita al'ada, tana hana ƙwai fita a kan lokaci. Akwai matan da za ka ga al'adarsu tana tsallake watanni, ga gashi a haɓa, ga ƙuraje a fuska, ga neman haihuwa shekara da shekaru. Da yawa daga cikinsu rage 'yan kilo kaɗan yana dawo musu da al'ada daidai. Idan kuma ciki ya samu, mai ƙiba ta fi fuskantar ciwon sugan masu juna biyu, da hawan jinin da kan kai ga jijjiga, da jariri ya yi girman da zai wahalar da naƙuda har a kai ga tiyata. Wadda ta yi ciwon suga lokacin goyon ciki, ko ya tafi bayan haihuwa, ta riƙa yin awo duk shekara, domin yana yawan dawowa daga baya. A lura, lokacin ciki ba lokacin rage nauyi ba ne. Kafin a ɗauka ake gyara, ko bayan an sauka.

Sannan kowace haihuwa tana barin nata kilo. An yi jego, an sha kunu da suga, an ci nama da romo, ba a gama sauke nauyin wannan ba wani cikin ya shigo. Mace mai haihuwa biyar tana iya samun kanta da ƙarin kilo ashirin a kan nauyinta na amarci ba tare da ta san lokacin da suka taru ba.

Babban sauyi yana zuwa ne idan al'ada ta ɗauke, wajen shekara 45 zuwa 55. Garkuwar nan ta istirojin tana janyewa, kitse ya bar cinya ya koma ciki kamar na namiji, hawan jini da suga da ciwon zuciya su taso. Bincike ya nuna cewa idan ciwon suga ya kama mace, ƙarin haɗarin ciwon zuciya da yake jawo mata ya fi wanda yake jawo wa namiji. Ga shi kuma alamun bugun zuciya a mace ba lallai su zo da ciwon ƙirji mai tsanani ba, wani lokaci gajiya ce da haki da tashin zuciya, sai a ce olsa ce a ba ta maganin ciki.

Akwai kuma maganar ciwon daji. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da alaƙar ƙiba da ciwon daji iri 13. Wasu sun shafi kowa, kamar na babban hanji, da hanta, da ƙoda, da maƙoshi. Uku kuwa na mata ne: na mahaifa, na ƙwan mace, da na mama bayan ɗaukewar al'ada. Dalili shi ne bayan ƙwan mace ya daina aiki, kitse ne ke ci gaba da samar da istirojin, kuma idan ya yi yawa yana ta tsokanar bangon mahaifa da naman mama. Mai ƙiba tana fin marar ƙiba haɗarin ciwon dajin mahaifa sau biyu zuwa huɗu. Don haka, mama, idan al'ada ta ɗauke miki shekara guda ko fiye sannan kika ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, kada ki ce al'ada ce ta dawo. Ki je asibiti a wannan makon.

Ciwon gwiwa da tsakuwar matsarmama su ma sun fi damun mata. Kowane kilo ɗaya da ya ƙaru, gwiwa tana jin sa kamar kilo huɗu a duk taku.

Abin da muke gani a kantin magani

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, kusan kullum ina haɗuwa da mutum biyu: mai neman maganin ƙiba da mai neman maganin rama. Dukansu suna ba ni tsoro.

Ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", waɗanda 'yan mata da amare ke saya a kasuwa ko a hannun dillalan kayan mata, yawanci haɗin magani biyu ne. Ɗaya shi ne deksa, wanda a jikin kwalinsa za ku ga an rubuta Dexamethasone. Ɗayan kuma maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci, irin wanda ke cikin Super Apeti da Apetamin. Deksa magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don asma da wasu cututtuka na kumburi. Cikar da yake kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki da doron wuya, yayin da cinyoyi da hannuwa ke sirancewa. Yana tayar da suga, yana tayar da jini, yana cinye ƙashi, yana raunana garkuwar jiki, yana tsattsaga fata. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan na iya jefa ta cikin mawuyacin hali. Ta zo ta faɗi gaskiya, a tsara mata yadda za ta rage a hankali.

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok kuwa, mafi yawansa maganin zawo ne da na sa fitsari. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan, ƙoda kuma tana wahala. An sha kama irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe da dama an cusa musu wani magani mai suna Sibutramine, wanda Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Allurar nan ta Ozempic da 'yan uwanta da ake ta magana a kansu suna aiki, amma na likita ne, suna da tsada, kuma nauyi yana dawowa idan an daina. A watan Yunin 2024 WHO ta yi gargaɗi a kan jabunsu da aka gano a Brazil da Birtaniya da Amurka. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC, ko aka ce a turo kuɗi a aiko maka ta mota, ka rabu da shi.

Haka kuma wasu magungunan asibiti suna ƙara nauyi, kamar wasu na taɓin hankali da farfaɗiya, da insulin, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata. Wanda ya lura da haka ya koma wurin wanda ya rubuta masa, kada ya daina da kansa.

Mene ne abin yi?

Albishirin shi ne ba sai an koma kamar sanda ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, yana sauke jini da suga a fili. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar Metformin kuwa kashi 31 nasu ya ragu. Ke nan ƙafa da kwano sun fi ƙwaya aiki.

A fara da abin sha. Robar lemo ta santilita 50 tana iya ɗaukar suga cokalin shayi goma ko fiye, alhali abin da WHO ta ce kada babba ya wuce a yini kusan cokali 12 ne. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya da mai jego shi ma cike yake da suga. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na gida sun fi, idan ba a cika musu suga ba.

A gyara kwano. Rabinsa ya zama ganye da kayan lambu, irin su zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa da yalo. Kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Ragowar tuwo ko shinkafa ko doya, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannu. Acca abinci ce mai kyau, amma ita ma idan aka ci malmala uku ta zama kaya. Manja da man gyaɗa a riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, dunƙulen magi da gishiri a rage.

A motsa jiki minti 30 a rana, kwana biyar a mako, tafiya mai ɗan sauri wadda za a iya magana a cikinta amma ba za a iya waƙa ba. Mu da Allah ya ba tuddai da sanyin safiya ba mu da uzuri. A sauka daga acaɓa tun kafin a isa kasuwa, a taka sauran. Mata su haɗa kai da maƙwabta, ko a zumuntar mata ko a Islamiyya, a riƙa fita tare, a kuma sayi tef ɗaya da sikeli ɗaya na ƙungiya.

A yi awo. Duk wanda ya kai shekara 40, ko igiyarsa ta ƙi haɗuwa, ya auna jini da suga aƙalla sau ɗaya a shekara, ko a babban asibitin da ke nan Kafanchan, ko a cibiyar lafiya mafi kusa, ko a kantin magani mai rajista. Jinin da ke kai 140 bisa 90, ko sugan safe kafin karyawa da ya kai 7.0, wato 126 a wasu na'urorin, yana bukatar a maimaita a kuma ga likita. Wanda ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, ko ƙafafunsa da fuskarsa suna kumbura, wannan ba maganar ƙiba ba ce, ya hanzarta zuwa asibiti.

A ƙarshe, ƙiba ba abin gori ba ce. Akwai gado a cikinta, akwai haihuwa, akwai magani, akwai yanayin aiki. Maigida, kada ka zauna kana yi wa uwargida ba'a kana shafa tumbi, domin tukunya ɗaya kuke ci, yaranku ma daga ita suke koyo. Ku yanki igiya biyu a daren nan, kowa ya gwada tasa, sannan ku zauna ku yanke abu ɗaya da za ku sauya a wannan wata. Sannu ba ta hana zuwa.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba ƙiba a jikin yara da abin da muke zuba musu a kwandon makaranta. A ci gaba da aiko da tambayoyi ta hannun edita. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.